Ihu Bayan Hari: Yadda Majalisar Gana Ta Tuhumi Gwamnati Kan Fansho, Fatauci Da Kuɗin Jama'a

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗora wa yaronsa kaya ya kai wata kasuwa ya san lissafi iri biyu ne. Akwai wanda ake yi tun mota ba ta tashi ba, a ƙirga buhuna, a tsayar da farashi, a ware kuɗin mota da na fito. Akwai kuma wanda ake yi bayan yaro ya dawo da 'yan canji a aljihu yana rantse-rantse. Lissafin farko shi ne ke tsare uwar kuɗi, na biyun kuwa iyakar abin da maigida zai samu a cikinsa shi ne ban-haƙuri. To irin wannan ne ya faru tsakanin gwamnatin ƙasar Gana da majalisar dokokinta daga shekarar 2021 zuwa 2024, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya shiga halin da rabonsa da irinsa an fi shekara ashirin. Duk inda 'yan majalisa suka sami damar yin tambaya kafin a aikata abu, sun iya taka wa gwamnati birki. Inda kuwa aka bari sai da aka gama sannan aka kira minista, ba a tsinana wa talaka komai ba sai dogon Turanci.

Wataƙila wani mai rumfa a Illela ko Ƙwanni ko Jibiya ya ce ina ruwansa da abin da ake yi a zauren majalisa a birnin Akra. Amsa ita ce yana da ruwa har da tsaki. Albasar Galmi da ta sauran garuruwan jihar Tawa, manyan motoci ne ke kwasarta su ratsa Burkina Faso su shiga Gana, a sauke wata a Kumasi, wata a wuce da ita kasuwar Adjen Kotoku da ke bayan garin Akra, inda hukuma ta mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021. Shanu da tumakin da ake lodawa daga ƙasashen Sahel, da yawansu a kasuwar Tulaku ta Ashaiman ake sauke su. Hanyar goro kuwa tun zamanin fataken Gwanja take, kuma har gobe muna da 'yan'uwa a zangon Kumasi da Nima da Tamale waɗanda da Sidi suke saye da sayarwa. Saboda haka ranar da Sidi ya faɗi, ko aka ƙara haraji, ko aka ce sai da lasin za a shigar da kaya, zafin ba ya tsayawa a kan iyakar Paga, har gida yake biyo mu.

Majalisar da aka sa wa rai

Idan mai karatu bai manta ba, zaɓen watan Disamba na 2020 ya haifar da majalisar da Gana ba ta taɓa ganin irinta ba tun komawarta mulkin farar hula a 1993. Jam'iyyar NPP ta Shugaba Nana Akufo-Addo ta sami kujeru 137, jam'iyyar adawa ta NDC ita ma 137, sai ɗan majalisa guda mai zaman kansa daga mazaɓar Fomena wanda ya jingina da NPP, jimilla kujeru 275 ke nan. Bugu da ƙari, ranar 7 ga Janairun 2021, bayan an kwana ana hatsaniya har sojoji suka shiga zauren, aka zaɓi Alban Bagbin na jam'iyyar adawa ya zama shugaban majalisa. Mutane da yawa sun yi murna, suna ganin yanzu kam gwamnati ba za ta ƙara cin karenta ba babbaka ba.

Gwajin farko ya zo a watan Nuwamban 2021, lokacin da Ministan Kuɗi Ken Ofori-Atta ya gabatar da kasafin kuɗin 2022, a cikinsa har da sabon harajin da aka sa wa suna E-Levy, wato a cire kashi 1.75 cikin ɗari na kuɗin da mutum ya tura ta wayar salula. Duk wanda ya san kasuwannin Gana ya san ta waya ake biyan dillali da direba da mai kaya, don haka a wuyan ƙananan 'yan kasuwa harajin zai faɗa. An shafe wata huɗu ana ja-in-ja, har ta kai 'yan majalisa sun ba hammata iska a cikin zaure a watan Disamba. Daga ƙarshe ranar 29 ga Maris na 2022 aka zartar da dokar bayan 'yan adawa sun fice, amma sai da gwamnati ta rage harajin zuwa kashi 1.5. An yi hasashen tara kusan Sidi biliyan 7 a shekara, sai jama'a suka koma riƙon tsabar kuɗi, abin da aka samu bai ko kama ƙafar wannan adadi ba. A nan majalisa ta yi magana a kan kari, domin tsarin mulkin ƙasar ya hana a ɗora haraji ba da dokar majalisa ba, kuma ko da ba ta hana harajin ba, ta rage shi ta kuma jinkirta shi.

Sidi ya faɗi, shaguna sun rufe

Sai dai yayin da ake wannan dambe a kan harajin waya, babbar ɓarakar tana wani wuri dabam, wato bashi. A 2019 da 2020 da 2021, kowace shekara Gana ta ciwo bashin kimanin Dalar Amurka biliyan 3 daga kasuwannin kuɗi na ƙasashen waje, kuma da amincewar majalisa aka yi hakan. Da masu ba da bashin suka ga kaya sun yi wa jaki yawa suka rufe ƙofa, sai gwamnatin da ta sha faɗin ba za ta je wurin Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya, IMF, ba, ta sanar a ranar 1 ga Yulin 2022 cewa za ta je. Sidin da ake canzar da shi kusan 6 a Dala ɗaya a farkon shekarar, kafin ƙarshen Nuwamba ya haura 13. A watan Disamba hauhawar farashin kaya ta kai kashi 54.1 cikin ɗari.

Mu kwatanta da mai albasar da ya ba da kayan Sidi 60,000 bashi a watan Janairu. A ranar da ya bayar, kuɗin sun kai darajar Dala 10,000. In ba a biya shi ba sai Nuwamba, abin da zai karɓa bai kai Dala 5,000 ba, alhali shi da Sefa zai sake sarin kaya a Galmi, ita kuwa Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na Yuro, ba ta yi irin wannan faɗuwa ba. Ba ɓarawo ya tare shi a hanya ba, amma rabin jarinsa ya tafi. Wannan ne ya sa a watan Oktoban 2022 ƙungiyar 'yan kasuwar Gana, GUTA, ta sa mambobinta suka rufe shaguna a Akra. A ranar 30 ga wannan wata Shugaba Akufo-Addo ya yi wa ƙasa jawabi, ya ce kuɗi ba ya son hayaniya, ya kuma yi alƙawarin cewa duk wanda ya ranta wa gwamnati kuɗi ba za a zaftare masa ko kwabo ba. Wannan zaftarewa ita ce mutanen Gana suka riƙa kira aski. Mai karatu ya riƙe wannan alƙawari, za mu dawo kansa.

Kwana biyar kafin jawabin, 'yan majalisa kimanin 80 daga jam'iyyar shugaban ƙasa ita kanta suka fito suka ce a cire ministan kuɗi. Da sun tsaya a kan bakansu, da labari ya sha bamban. Amma bayan sun gana da shugaban ƙasa sai suka yarda a bar ministan ya gabatar da kasafin 2023 ya kuma kammala ciniki da IMF tukuna. Su kuwa 'yan adawa ƙarƙashin jagoransu na lokacin Haruna Iddrisu, sai suka kawo ƙudurin ƙuri'ar rashin amincewa da ministan, da tuhuma guda bakwai. Aka kafa kwamitin mutum takwas, huɗu daga kowane ɓangare, ministan ya bayyana a gabansa ranar 18 ga Nuwamba, aka nuna a talabijin, har ya ba al'ummar ƙasa haƙuri bisa wahalar da suke sha.

Ɗaya daga cikin tuhume-tuhumen shi ne kuɗin da aka zuba a ginin babbar majami'ar ƙasa da shugaban ya yi alƙawarin ginawa a tsakiyar Akra. An kashe Sidi miliyan 339 daga baitulmali, kimanin Dala miliyan 58, amma abin da ake gani a wurin bai wuce wani makeken rami da tushen gini ba. Ministan ya kare kansa da cewa bai taɓa asusun gaggawa da tsarin mulki ya killace ba, daga wani kaso da aka ware a kasafi don abubuwan ba-zata ya ɗiba, kuma majalisa da kanta ta amince da wannan kaso. A nan akwai abin lura, majalisa ta sa hannu a kan dunƙulallen kuɗi ba ta tambayi me za a yi da su ba, sai da aka haƙa rami ta farga. Ranar 8 ga Disamba aka zo ƙuri'a, 'yan NPP har da waɗancan 80 ɗin suka tashi suka fice. 'Yan adawa 136 suka jefa tasu, alhali sashe na 82 na tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa, wato sama da ƙuri'a 180. Ƙuduri ya faɗi, minista ya ci gaba da zama a kujerarsa.

Tsofaffi a ƙofar ma'aikatar kuɗi

Kwana uku kafin wannan ƙuri'a, wato ranar 5 ga Disamban 2022, ministan ya ƙaddamar da shirin musanya bashin cikin gida. Ga yadda abin yake a taƙaice. Mutum ko banki ko asusun fansho yana ranta wa gwamnati kuɗi, ta ba shi takarda, ta riƙa biyan shi kuɗin ruwa lokaci zuwa lokaci, in wa'adi ya cika ta mayar masa da uwar kuɗinsa. Sai gwamnati ta ce masu riƙe da irin waɗannan takardu na kimanin Sidi biliyan 137 su dawo da su a ba su sababbi, waɗanda wa'adinsu zai cika a 2027 da 2029 da 2032 da 2037. A tayin farko, ba za a biya ko sisi ba a 2023, a 2024 a biya kashi 5, daga 2025 a riƙa biyan kashi 10, alhali tsofaffin takardun da yawansu kusan kashi 20 suke biya. Ministan ya ce biyan bashi yana cinye fiye da rabin kuɗin shigar gwamnati, ba yadda za a yi. Gwamnati ta nace cewa ba ta saɓa alƙawari ba tunda ba a rage uwar kuɗi ba. To amma dattijo mai shekara saba'in da aka ce ya jira 2037, a ƙasar da farashi ya ƙaru da rabi a shekara guda, in wannan ba aski ba ne, mene ne sunansa?

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, wannan gagarumin shiri da ya taɓa ajiyar miliyoyin mutane ba a kawo shi gaban majalisa don neman amincewarta ba. Hujjar gwamnati ita ce musanyar ta ganin dama ce, ba a tilasta wa kowa ba. Waɗanda suka fara ceto kansu su ne ƙungiyoyin ƙwadago, da suka yi barazanar shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani, ranar 22 ga Disamba gwamnati ta cire asusun fanshon ma'aikata daga shirin. Bayan kwana biyu sai ta cike giɓin da ɗaiɗaikun mutane, waɗanda da farko ta ce ba ruwansu. Cikinsu akwai tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan jinya da sauran waɗanda suka karɓi kuɗin sallama suka ranta wa gwamnati, da ɗan abin da take biya suke sayen magani. A watan Fabrairun 2023 waɗannan tsofaffi suka fara zaman dirshan a harabar ma'aikatar kuɗi, wasu da sanda wasu da kujerar roba. Ranar 10 ga wata tsohuwar Babbar Jojin ƙasar, Sophia Akuffo, wadda Shugaba Akufo-Addo da kansa ya naɗa a 2017, ta zo ta zauna a cikinsu riƙe da kwali.

Sai a wannan lokaci ne shugaban majalisa ya ba da umurnin minista ya zo ya yi bayani. Ya zo ranar 16 ga Fabrairu, tsofaffin suna zaune a wurin 'yan kallo. Ya tabbatar da cewa 'yan fanshon da ba su shiga shirin ba za a biya su yadda aka yi alƙawari tun asali, wannan kuwa nasara ce ba ƙarama ba. Amma mu dubi ranakun da kyau. An rufe karɓar takardu ranar 10 ga Fabrairu, kimanin kashi 85 cikin ɗari na takardun da abin ya shafa an riga an miƙa su. Ke nan wakilan jama'a sun ji bayanin ciniki ne kwana shida bayan kasuwa ta watse. Ko alƙawarin da aka yi a zauren ma bai hana jinkirin biya ba, domin a watan Mayu tsofaffin sun sake komawa ƙofar ma'aikatar. Shi ma asusun fanshon ma'aikata da aka cire da farko, daga baya a 2023 an yi masa tasa musanyar, sai dai da sharuɗɗa masu ɗan sauƙi da aka daidaita da ƙungiyoyin ƙwadago.

Kada ɗan kasuwa ya ce shi ba ya cin fansho don haka wannan ba tasa ba ce. Ɗan fansho mai saye ne, ranar da aljihunsa ya bushe cefane ke raguwa. Bankunan da suka riƙe takardun gwamnati sun tafka asara a lissafin 2022, suka ƙanƙame hannu wajen ba da rance, a watan Yulin 2023 kuma babban bankin ƙasar ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 30. Shi kansa babban bankin ya bayyana asarar Sidi biliyan 60.8 a 2022, mafi yawanta saboda bashin da ya ba gwamnati. Dokar bankin ta ƙayyade cewa rancen da zai ba gwamnati kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, 'yan adawa kuma suka zarge shi da tsallake wannan iyaka ba da sanin majalisa ba. Suka yi zanga-zanga zuwa bankin a watan Oktoban 2023, amma kuɗi an riga an buga, farashi ya riga ya tashi.

Inda aka yi tambaya a kan kari

Don kada a ce majalisar ba ta tsinana komai ba, ga wurare uku da aka yi magana tun icce yana ɗanye. Na farko ya shafi fatauci kai tsaye. A watan Nuwamban 2023 Ministan Ciniki K.T. Hammond ya nemi ajiye wata ƙa'ida a gaban majalisa wadda za ta sa sai da izinin wani kwamiti a ƙarƙashinsa za a shigo da kaya iri 22, cikinsu har da shinkafa, sukari, man girki, kaji, kifi, tumbi da kayan ciki, taliya, sabulu, siminti da tufafi. Gwamnati ta ce manufarta kare masana'antun gida da rage neman Dala. Sirrin da ke cikin irin wannan ƙa'ida shi ne, da zarar an ajiye ta a gaban majalisa, in an yi zama 21 ta zama doka da kanta, sai fa in kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa sun soke ta. 'Yan adawa sun san ba su da wannan adadi, saboda haka suka tare ta tun a bakin ƙofa, duk ranar da ministan ya tashi zai ajiye ta sai su miƙe. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa har da GUTA suka kai ƙorafi a rubuce. Dattawan kasuwa ba su manta zamanin kalabule na shekarun 1970 ba, lokacin da mai uwa a gindin murhu ke karɓar takardar izini ya sayar wa mai jari, kaya su ɓace farashi ya tashi, daga ƙarshe a ɗora wa mata 'yan kasuwa laifi har sojoji suka rushe kasuwar Makola a 1979. A farkon Disamban 2023 gwamnati ta jingine ƙa'idar.

Na biyu, a watan Disamban 2022 da aka sake ware wa ginin majami'ar nan Sidi miliyan 80 a kasafin 2023, wannan karon da sunanta ɓaro-ɓaro, kwamitin majalisa ya ƙi amincewa, aka cire kuɗin. Na uku, a watan Mayun 2024 ɗan majalisa Samuel Okudzeto Ablakwa ya fito da takardun da ke nuna hukumar fanshon ma'aikata, SSNIT, tana shirin sayar da kashi 60 cikin ɗari na hannun jarinta a otal huɗu, har da Labadi Beach, ga kamfanin Rock City na Ministan Noma Bryan Acheampong. Hukumar ta ce an bi ƙa'ida kuma tayin kamfanin ne ya fi na kowa. Ƙungiyoyin ƙwadago suka ce ba su yarda ba, suka sa ranar yajin aiki, a watan Yuli aka fasa cinikin. A duka ukun abu guda ne ya maimaita kansa, labari ya fito tun ba a sa hannu ba, kuma akwai mutanen waje masu haɗin kai da suka tsaya a bayan 'yan majalisar da suka yi magana.

Me ke ɗaure wa majalisa hannu?

A ganinmu dalilai uku ne. Na farko, sashe na 78 na tsarin mulkin 1992 ya ce mafi yawan ministoci daga cikin 'yan majalisa za a naɗa su. Ɗan majalisar da ke kwana yana mafarkin kujerar minista ba zai matsa wa mai naɗawa da tambaya ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na biyu, ko da an sami ƙuri'un tsige minista, tsarin mulkin bai wajabta wa shugaban ƙasa cire shi ba, ya bar masa zaɓi ne. Ofori-Atta bai bar ma'aikatar kuɗi ba sai ranar 14 ga Fabrairun 2024, ranar da shugaban ya ga dama ya yi garambawul. Na uku, idon majalisa shi ne babban mai binciken kuɗin gwamnati, rahotonsa kwamitin bin diddigin kuɗin jama'a yake aiki da shi. A watan Yulin 2020 fadar shugaban ƙasa ta tilasta wa mai riƙe da wannan muƙami, Daniel Domelevo, tafiya hutu, a Maris na 2021 aka yi masa ritaya. Kotun ƙoli ta ce hutun ya saɓa wa tsarin mulki, amma sai a watan Mayun 2023 ta faɗa. Su ma 'yan adawa ba a wanke suke tas ba, domin a watan Maris na 2023 jam'iyyarsu ta umurce su kada su amince da sababbin ministoci, da aka yi ƙuri'ar sirri sai ga wasunsu sun amince.

Hukuncin da majalisa ta kasa yankewa, masu zaɓe sun yanke shi ranar 7 ga Disamban 2024. John Mahama ya lashe zaɓe, NDC ta sami kujeru sama da 180 cikin 276. Cassiel Ato Forson da ya jagoranci 'yan adawa tun 2023 ya zama ministan kuɗi, Ablakwa ya zama ministan harkokin waje. A watan Afrilun 2025 aka soke harajin waya, a cikin shekarar kuma Sidi ya farfaɗo, hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10. Ofishin mai gabatar da ƙara na musamman ya ayyana tsohon ministan kuɗin cikin waɗanda yake nema a watan Fabrairun 2025, ko da yake zargi dabam hukuncin kotu dabam. Amma abin tambaya a nan shi ne, tunda masu tambayar jiya sun koma masu amsawa, kuma suna da rinjayen da waɗancan ba su taɓa samu ba, wa zai tsayar da su? A watan Yunin 2025 wannan majalisa ta zartar da ƙarin harajin Sidi ɗaya a kan kowace litar mai cikin gaggawa, sababbin 'yan adawa suna kukan ba a ba su lokaci ba. Direban da ke ɗauko albasa daga Paga zuwa Akra, a kan mai kaya zai fanshe.

Abin da ya rage gare mu

Malam Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu mutanen kan iyaka mun san wannan ciwo. A watan Agustan 2019 aka wayi gari Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamban 2020, ba tare da an kai wa majalisar tarayya wata doka a kan haka ba. A watan Mayun 2023 majalisar dattawa ta amince da bashin Naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta karɓa daga babban banki, bayan an riga an kashe kuɗin. A Nijar kuwa juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rushe zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki gaba ɗaya. Duk da aibin majalisar Gana, akwai zauren da aka iya kiran minista ya tsaya a gaban tsofaffin da ya taɓa wa ajiya, wannan ba abin rainawa ba ne.

Shawararmu ga ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan tike da 'yan goro da direbobi masu bin hanyar Gana ita ce su san kalandar majalisa kamar yadda suka san ranakun kasuwa. A Gana, in ba shekarar zaɓe ba, a watan Nuwamba ake gabatar da kasafi, a watan Yuli a yi masa kwaskwarima, a waɗannan lokuta ne ake cusa sabon haraji. Waɗanda ke da ƙuri'a a can su kai kukansu a rubuce ga kwamitin ciniki da na kuɗi tun takarda tana kan tebur, waɗanda ba su da ita su bi ta hannun abokan cinikinsu da sarakunan zango. Duk wanda ke da wakili a wata majalisa, a ko'ina yake, in wakilin ya zo gaisuwar salla ko neman ƙuri'a, a karɓi buhun shinkafar in ya kawo, amma a tambaye shi bashi nawa ya sa wa hannu a bana, da me za a biya, kuma wace doka ce ke gabansu da ta shafi iyaka. Sannan mai kai kaya wata ƙasa, in ya ji gwamnatin ƙasar tana ciwo bashi don biyan bashi, ya rage ba da kaya a kan dogon wa'adi, ya kuma canza kuɗinsa da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, Ya ba wakilai ƙarfin halin yin tambaya a lokacin da take da amfani, mu kuma Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.